Wa Ya Ji Busar Gazargamu?

A watan Maris na 1823 wani hafsan sojan Ingila, Dixon Denham, ya je gaisuwa wurin Mai Ibrahim, sarkin Borno na zuriyar Saifawa, a sabon birnin da aka gina bayan faɗuwar Gazargamu. A lokacin sarautar ta zama ta suna kawai, iko yana Kukawa a hannun Shehu Laminu, amma kayan sarauta suna nan wurin Mai. Denham ya rubuta cewa ya tarar da wani mutum tsaye yana kwarara kirari, yana jero kakannin sarki ɗaya bayan ɗaya, kusa da shi kuma ga wani riƙe da dogon ƙaho na itace da Barebari ke kira furumfurum, yana busawa jefi-jefi. A wani wurin ya ce tsawon irin wannan ƙaho yakan kai ƙafa goma zuwa sha biyu, kuma sarki kaɗai ake busa wa. Busar ba ta yi masa daɗi ba, bai kuwa ɓoye ba. Wannan ba abin damuwa ba ne, ai ba shi aka busa wa ba.

Duk wanda ya taɓa tsayawa a Dandal, ƙofar fadar Shehu a Maiduguri, ranar Salla ko ranar naɗin sarauta, zai gane abin da Baturen ya gani. Ga mai kirari, ga mai busa a gefensa, bayan shekara 200. Shi ya sa in ka tambayi makaɗan fada amsarsu ɗaya ce: haka muka gada, haka iyayenmu suka taras. Ba ƙarya suke yi ba. Sai dai ƙahon da Denham ya gani na itace ne, wanda ido ke gani a yawancin fadojin Arewa yau kuwa kakaki ne na ƙarfe, tagulla in an samu, in ba a samu ba gwangwanin kananzir da maƙeri ya buɗe ya naɗe ya liƙe. Ko barin na itacen aka yi, ko dama tare suke tafiya ɗaya ya danne ɗaya, itace da ƙarfe dai ba muryarsu ɗaya ba. Wani ya sauya a wata shekara bai gaya wa kowa ba, ɗansa ya tashi ya tarar da sabon, ya rantse da gaskiyarsa cewa shi ne na kakanni.

Dubi ƙaurar da fadar Borno ta sha. Birnin Gazargamu, wanda Mai Ali Gaji ya kafa a ƙarni na 15, ya yi fiye da shekara 300 yana riƙe da sarauta kafin mayaƙan jihadi su ci shi a 1808. Shehu Laminu ya gina Kukawa a 1814. A 1846 ɗansa Shehu Umar ya kawo ƙarshen sarautar Saifawa, gidan Shehu ya zama shi ne gidan sarauta, da kiɗansa da busarsa. A 1893 Rabe ya rushe Kukawa ya zauna Dikwa, har Faransawa suka kashe shi a Kusuri a 1900. Shehu Garbai ya zauna Monguno, ya gwada komawa kufan Kukawa, sannan ya tare a Yerwa a 1907. Makaɗin fada kuwa inda ubangidansa ya faɗi nan abincinsa yake faɗuwa. Hankali ba zai ɗauka ba a ce duk wannan watangaririya an yi ta ba wanda ya mutu a hanya da take a bakinsa bai koya wa kowa ba, ba wanda ya sauya ubangida ya sauya wa tsohon take mai shi, ba baƙon da ya cike gurbi da salon garinsu. Taken Mai na ƙarshe, wa zai yi ƙarfin halin busa shi a Kukawa bayan 1846?

Mu Hausawa ba 'yan kallo ba ne a wannan magana. Littafin tarihin sarakunan Kano ya ce a zamanin Sarki Dauda, tsakanin 1421 da 1438, wani ɗan sarautar Borno da ake kira Dagaci ya zo Kano da ganguna da kayan busa da tutoci da bindigogi. Ya kuma ce Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, shi ya fara kakaki da figini. Da yawa daga abin da muke kira kiɗan sarauta ta gabas ya shigo mana. Amma littafin sunan kaya kawai ya ba mu. Bai ce ga yadda aka busa ba, da sauri ko a hankali, mutum nawa, a tsaye ko a kan doki.

A Hausari na tashi, a shekarun 1980, lokacin da dare a Maiduguri na jama'a ne. In ana bikin Barebari a Shehuri ko Gwange, daren wushe-wushe, kana kwance a tsakar gida za ka ji ganga kura tana zuwa tana komawa da iska, algaita a kanta kamar za ta tsaga sama. Ba lasifika. Ana farawa bayan isha, ba a tashi sai an kusa kiran assalatu, kuma ba wanda yake gaggawa. Makaɗa sukan hura 'yar wuta a gefe, in raɓa ta sauko fatar ganga ta saki sai su kara ta, su ɗan bubbuga su saurara, har muryar ta dawo inda suke so. Da damina gangar nan wata murya gare ta, da hunturu wata. Ba wanda ya ɗauki wannan a matsayin aibi.

Algaita, wadda Barebari ke kira alita, aba ce mai sauƙin gani mai wuyar sarrafawa. Itace ne aka rarake, siriri a sama mai faɗin baki a ƙasa, aka lulluɓe da fata, da 'yan huji uku ko huɗu na yatsu. A samansa akwai ɗan bututun ƙarfe, da ɗan faifai da leɓe ke jingina da shi, sai ɗan karan ciyawa da aka matse bakinsa, wanda shi ne harshen abin. Mai busa yana cusa karan nan gaba ɗaya cikin bakinsa, ya cika kumatu da iska, ya riƙa shaƙa ta hanci yana tura ta kumatu a lokaci guda, don haka sautin ba ya yankewa. Yara sukan koyi wannan da tsinken kara a cikin ƙwaryar ruwa, sai kumfa ta daina tsayawa sannan a ce an fara. Hujin kuwa da ƙarfe mai zafi ake ƙona su, ma'auninsu yatsun maƙerin da kunnensa. Shi ya sa ba algaita biyu da muryarsu ta zo daidai, kuma mai ita yakan san halin tasa fiye da yadda ya san na wasu 'ya'yansa.

Abin da ya fi duk wannan shi ne algaita magana take yi. Hausa da Barbarci duka harsuna ne masu hawa da saukar murya, mai busa kuma hawan da saukar yake bi, har take ya fito ba tare da an furta kalma ba. Tsofaffin matan unguwarmu suna daka za su ɗaga kai su ce wane ne ya fito, ko wane ya iso, alhali ba su ga kowa ba. Rabin aikin a kunnen mai saurare yake. Wannan rabin shi ya fara tafiya, ba tare da an yi masa jana'iza ba. Yau za a busa wa hakimi takensa a gaban ɗaruruwan mutane, waɗanda suka fahimci abin da aka ce ba su cika tabarma ɗaya ba, wani lokaci har da shi mai taken a cikin waɗanda ba su fahimta ba. Ya dai ji an matso kusa da shi, ya sa hannu a aljihu.

Akwai wani dattijo mabushi da nakan zauna wurinsa da la'asar, kumatunsa sun saki don tsufa da aiki. Na taɓa ce masa, “Baba, wai me ya fi ɓata muku sana'a, fiyano ko malamai masu wa'azi?” Ya yi dariya ya ce, “Ɗana, ba ko ɗaya. Makirfo ne. Da in zan yi busa sai na duba inda bango yake, na duba inda iska take, na san inda zan juya bakin algaita don ta kai ƙarshen taro. Yanzu yaro ya tsaya ƙyam gaban ƙarfe, wuta ta kai masa. In an ɗauke wuta sai ka ga ba shi da ƙirji.”

Na daɗe ina juya maganar nan, domin ta fi ƙarfin ƙorafin tsoho. Algaita da kakaki da ganga kura duk don fili aka yi su, don su tsallake haniniyar dawakai da ƙarar bindiga. Mawaƙin da zai yi waƙa a kansu dole ya ɗaga murya sama, ya matse ta ta yi kaifi, 'yan amshi su taru su zama bango a bayansa. Wannan muryar da muke ji a tsofaffin kaset muna cewa muryar mutanen da, wuri ne ya haife ta. Da makirfo ya zo sai mawaƙi ya sami sauƙi, ya sauke murya, ya rage 'yan amshi, mai injin ya ɗaga wannan ya danne wancan yadda ya ga dama. Waƙar tana nan da sunanta da baitocinta, kamar miyar kukar da aka gada girkinta amma daddawa ta koma magi.

Sai fiyano. Daga ƙarshen shekarun 1990, da masana'antar fim ta Kano ta kankama, fiyanon Yamaha ya zama makaɗin kowa, daga Fagge har Bulunkutu. Ni ba na cikin masu tsine masa. Ya ba yaran da ba su gaji kiɗa ba damar yin kiɗa, a ƙasar da aka daɗe ana cewa sai ɗan makaɗi ke taɓa ganga, ya kuma ciyar da gidaje da yawa. Amma yana da doka guda da ba ya sassautawa: matakan sautinsa goma sha biyu ne, tazararsu ɗaya, ko a Japan ko a Jere. Algaita ba ta san wannan doka ba. Sautinta yakan faɗa tsakanin maɓalli biyu, takan zame daga wannan zuwa wancan yadda muryar mutum ke yi. In aka haɗa su a sitidiyo ɗaya zai rusuna, kuma ba fiyanon ne ke rusunawa ba: ko mabushin ya lanƙwasa, ko kwamfuta ta miƙar da shi. Haka ma gudun kiɗa. Makaɗin fada tafiyar doki yake bi, in sarki ya tsaya gaisawa ya ja, in mai liƙi ya shigo fili ya tsawaita. Injin kuwa yadda aka saita shi haka zai tafi har a kashe janareta. Yaron da kunnensa ya ginu a kan wannan, in ya ji dattijon nan nawa yana busa, zai ce Baba ya kauce. A nan ne abin yake ba ni tsoro, domin ba kayan kiɗan ne suka ɓace ba, ma'aunin daidai da kuskure ne ya koma wani wuri.

Turawa sun riga mu shiga tambayar yadda kiɗan kakanni yake a kunne, amma ta wata ƙofa. Su takarda gare su. Manyan makaɗansu irin su Bach, wanda ya mutu a 1750, sun rubuta kiɗansu da alamomi, kowace murya da layinta. Takardun suka tsira, hannun da ya san yadda ake kaɗa su ya mutu. Da wani makaɗinsu, Mendelssohn, ya farfaɗo da wani babban aikin Bach a Balin a 1829, sai da ya datse kaso mai yawa, ya tara mawaƙa fiye da ɗari, ya sa kayan busa na zamaninsa a gurbin waɗanda aka daina ƙerawa. A Landan kuwa daga 1857 an riƙa rera ayyukan Handel da mutum dubbai, alhali shi da 'yan gomomi ya yi su. Masu saurare duk sun gamsu cewa Bach da Handel suke ji.

A ƙarshen ƙarni na 19 wani Arnold Dolmetsch, haifaffen Faransa mazaunin Ingila, ya fara tsintar tsofaffin kayan kiɗa yana gyarawa, yana ƙera irinsu, yana bin littattafan koyarwa na da don ya gano abin da makaɗan lokacin suke yi da yatsunsu. Ya fitar da littafi a kan haka a 1915, ya kafa bikin shekara-shekara a garin Haslemere a 1925. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu abin ya yi ƙarfi. Nikolaus Harnoncourt da matarsa Alice suka kafa ƙungiyarsu a Biyana a 1953, daga baya shi da Gustav Leonhardt na Holan suka shafe daga 1971 zuwa 1990 suna naɗar waƙoƙin coci na Bach da kayan kiɗa irin na zamaninsa. Abin da suka tono yana da ban sha'awa ga mai kunnen Borno. Ashe tsirkiyar gogen Turawa da hanjin tumaki ake yin ta kafin a koma waya. Ashe ma'aunin sautin da duniya ke bi yau, girgiza 440 a daƙiƙa, sai a 1939 aka yi taro a Landan aka amince da shi, kafin nan kusan kowane gari da nasa, wani sama wani ƙasa. Ashe makaɗin da ba ya tsayawa kan abin da ke takarda, yana ƙara nasa adon nan take, in bai ƙara ba a ce bai iya ba. Wato abubuwan da yaranmu ke jin kunyarsu a kiɗan gargajiya su ne Bature ya kashe shekara ɗari yana nema a nasa.

Da suka koma baya sosai, zuwa waƙoƙin ƙarni na 12 da 13, takardar ma ta gaza, don sau da yawa layin murya kawai ta nuna. Thomas Binkley, Ba'amurken da ya kafa ƙungiyarsa a Munik a 1960, sai ya kasa kunne ga makaɗan Maroko masu riƙe da kiɗan Andalus, ya ari salonsu. David Munrow na Ingila, wanda ya mutu a 1976 yana ɗan shekara 33, ya fara ne da tara kayan busa na ƙauyukan Peru da maƙwabtanta. Tsohuwar algaitar Turai, wadda ta haifi abin busar da suke kira obo, 'yar ɗakin tamu ce: itace mai faɗin baki, kara mai harshe biyu, wurin jingina leɓe. Da suka rasa wanda ya ji kakansu yana busa ta, wurin maƙwabtanmu suka je tambaya.

Ba su tsira daga suka ba. Wani masani Ba'amurke, Richard Taruskin, ya yi ta caccakarsu, ya tara rubuce-rubucen a littafi a 1995. Hujjarsa ita ce wannan sauti da suke cewa na da, mai tsafta, mai sauri, maras nauyi, ɗanɗanon mutanen ƙarni na 20 ne aka sa wa tsohuwar riga. Ina ganin yana da gaskiya mai yawa. Ko ka ƙera kayan daidai, ka sami ɗakin daidai, ba za ka ƙera kunnen mutumin 1720 ba, wanda bai taɓa jin ƙarar mota ba. Amma sukar ba ta kashe aikin ba, ladabi ta koya masa. Masu yinsa suka rage cewa haka aka yi, suka koma cewa iyakar abin da bincike ya nuna ke nan, sauran namu ne. Wannan ladabin nake yi mana sha'awa. Mu da muke da hannu ba mu da takarda, mun fi su arziki ta wani gefen, amma arzikin ya sa mu sakaci. Saboda sarƙar ba ta tsinke a idonmu ba, ba ma tambayar komai.

Yanzu ma mun yi takarda ba mu sani ba, ita ce kaset. Faifan garmaho fuska ɗaya ba ta wuce minti uku da ɗan wani abu, don haka mawaƙin da ya saba jan waƙa rabin dare dole ya datse ta. Gidajen rediyo, na Kaduna tun daga 1962 da na jihohi daga baya, sun naɗi da yawa, amma a ɗaki, ba sarki a gaba, ba doki, ba mai kyauta. Narambaɗa da Ɗanƙwairo da Jankiɗi ba su taɓa ɗaukar waƙa a matsayin abin da aka gama ba. Wanda ke wurin shi ke sa a ƙara baiti, wanda aka yi faɗa da shi jiya shi ke shan zambo yau. Bakandamiyar Shata ma ba guda ɗaya ba ce, duk naɗi da yadda ta fito. Amma matashin da yake son gadon su yau naɗi ɗaya ya samu a waya, shi zai haddace, da sunayen masu kyautar da suka daɗe a kabari, har da inda mawaƙin ya yi tari. Kaset ɗin kuma an kwafe shi daga wani, an kwafe wancan daga wani, a rikodar da batirinta ya yi sanyi ko injinta ke gudu fiye da ƙima, muryar ta tashi ta sirance. Sai ka ji yaro yana matse hanci yana kwaikwayon lalacewar inji, a zatonsa salon Narambaɗa ne.

Abin da aka rubuta a kan waƙoƙin Borno ba kaɗan ba ne, sai dai kurma ne. Sigismund Koelle ya buga labarai da karin maganar Barebari a 1854, daga bakin Ali Eisami, mutumin Borno da bauta ta kai Saliyo. Rudolf Prietze ya buga waƙoƙin Borno a Jamus a 1914. J. R. Patterson, jami'in mulkin mallaka, ya fitar da tarin waƙoƙin yabo na Barebari a 1926, har da wadda ake dangantawa da Mai Hume Jilmi na ƙarshen ƙarni na 11. Kalmomin suna nan, karin waƙar da kiɗan babu. A ɓangaren Hausa, David Ames da Anthony King sun tattara sunayen kayan kiɗa da ma'anoninsu a 1971. Sai a ƙarshen shekarun 1980 Jami'ar Maiduguri, tare da masana daga Jamus irin su Raimund Vogels, ta shiga aikin naɗar kaɗe-kaɗen Borno da adana su. Aiki ne na alheri, kuma darajarsa kullum ƙaruwa take, don yawancin waɗanda aka naɗa sun riga mu gidan gaskiya. Amma naɗi shi kaɗai ba ya koyar da hannu. Tambayoyin da Dolmetsch zai ba da rabin dukiyarsa a amsa masa, mu kuɗin Keke Napep ne tsakaninmu da masu amsarsu: wace ciyawa ake yanka, a wane wata, a wane tafki, fatar akuya ko ta ɗan maraƙi, wa ke tsayawa dama da sarki, wa ke fara busa, me ake busawa da asuba wanda ba a busawa da yamma, wane take ne aka daina, kuma me ya sa.

Daga Yulin 2009, da rikici ya ɓarke a Maiduguri, dare ya bar hannun jama'a. Dokar hana fita, shingayen soja, hana babura a 2011, harin da aka kai wa Shehu bayan sallar Juma'a a Yulin 2012, dokar ta-ɓaci a 2013: taro ya zama abin tsoro, hawan Salla ya tsaya na shekaru. Biki ya koma ɗakin taro da rana, da mai saka waƙa a inji, 'yan gargajiya a ba su 'yan mintoci su shigo da amarya su fita. Kiɗan da aka gina shi a kan jan lokaci, wanda sai dare ya raba yake nuna, aka mayar da shi abin buɗe taro. Ko da zaman lafiya ya fara dawowa, an riga an saba. A gefe guda kuma garuruwa suka kwararo cikin birni. Bama ta faɗa hannun masu tayar da ƙayar baya a Satumbar 2014, sarakuna da yawa suka yi shekaru a Maiduguri, makaɗansu da mabusansu suka watsu a sansanoni da gidajen 'yan uwa. Mutumin Dikwa da na Monguno da na Kukawa, waɗanda da kowa da salon garinsu, suka riƙa haɗuwa a biki ɗaya don neman abin sawa a baka, salon ya cakuɗe. Nan da shekara 30 ba mai iya rarrabe wane daga ina ya zo, sai in an tambaya yanzu. Ambaliyar 10 ga Satumba 2024, da madatsar Alau ta ɓalle ruwa ya shiga har fadar Shehu, ta ƙara nata. Na san gidan da akwatin kaset na bukukuwan iyaye da kakanni ya kwana a ruwa a ƙarƙashin gado, da aka buɗe sai laka.

Kwanan baya na haɗu da wani saurayi mai busa a wani biki, ya zo da algaita biyu a jaka. Ɗaya ta wani dattijo ce ɗan Bama da ya koya masa a sansani, baƙa wuluk don shan hannu. Ɗayar sabuwa ce, ya ce shi ya zauna da maƙerin, da fiyano a wayarsa, suna gwada huji suna toshewa har ta yarda ta bi inji. Ya busa mini duka biyun a bayan ɗakin taron. Sabuwar ta fi biyayya, tsohuwar ta fi baki, kuma ya san haka sarai, ya ma fi ni iya bayyana bambancin. Na ce, “Ƙanena, in Allah ya ba ka ɗa, da wacce za ka fara masa?” Ya ce, “Yaya, tsohuwar ai sai a fada, fada kuwa sau nawa ake kiranmu a shekara? Wannan ita ke biyan kuɗin haya.” Aka leƙo aka ce amarya ta iso, ya mayar da ta Bama cikin jaka ya ɗauki sabuwar.